Martani: Ba a Bagauda Ake Fara Zama Lauya Ba

A 'yan kwanakin nan wani marubuci mai kishin ilimi ya fitar da maƙala yana kukan cewa tsangayoyin shari'a na jami'o'inmu sun fara sakin layi. Abin da ya dame shi shi ne yadda ake fitar da ɗalibai daga aji ana kai su kotuna da gidajen yari, ana zaunar da su a ɗakunan agajin shari'a suna sauraron koken talakawa, alhali a ganinsa ba su gama sanin dokar ba tukuna. Jami'a, a cewarsa, wurin horar da tunani ce. Koyon aikin kuwa akwai inda aka tanadar masa, wato Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda reshenta mafi kusa da mu yake Bagauda, daga nan sai ofisoshin manyan lauyoyi. Ya ƙara da cewa salon baƙo ne da kuɗin ƙungiyoyin waje suka shigo da shi, kuma yana mayar da talaka zakaran gwajin dafi. Sai ya kafa hujja da birnin Zariya, ya ce a zaurukan malamai, tun daga Ƙofar Kuyambana har Juma da Kona, ba a barin almajiri ya sa baki a shari'a sai ya sauke Risala ya ratsa Muhtasar. Ban yi shakkar kishin Malam marubucin ba, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da yake tsoro yana da tushe. Amma ginshiƙin maganarsa, cewa sanin doka abu ne daban, iya aiki da ita kuma wani abu ne da ake ɗorawa daga baya, kuskure ne. Shaidar da ya kira daga cikin birni ma ita ce ta fara juya masa baya.

Gaskiya ne almajirin zaure ba ya yanke hukunci. To amma ina yake zaune lokacin da ake yankewa? Zauren da ake buɗe Muhtasar a cikinsa da hantsi shi ne zauren da magada suke yi wa sallama bayan la'asar a raba musu gado, nan ake kawo rikicin miji da mata, nan maƙwabta suke zuwa a kan katanga ko magudanar ruwa. Almajiri yana gefe, shi ake aika ya kira shaida, shi yake riƙe takarda, wani lokaci shi ake ce wa ya buga lissafin rabon malam ya duba. Littafi da matsalar da littafin yake magana a kanta ta ƙofa ɗaya suke shigowa. A majalisar alƙali ma haka abin yake, akwai muhti akwai magatakarda, kuma alƙalai da yawa a ƙasar Hausa a wannan zama suka goge shekara da shekaru kafin a naɗa su. Ko littattafan kansu a duba. Tuhfatul Hukkam, wadda har yau alƙalan Arewa ba sa rabuwa da ita, Ibn Asim alƙalin Garnaɗa a Andalus ne ya tsara ta, wanda ya rasu a 1426, kuma da yadda ake tafiyar da ƙara ta fara: wane ne mudda'i, wane ne mudda'a alaihi, wa aka ɗora wa kawo hujja, wa aka ɗora wa rantsuwa, yaya ake tazkiyar shaidu, yaushe ake yin i'izari, wato a tambayi mutum ko yana da sauran magana kafin hukunci ya hau kansa. Malaman Malikiyya sun ware wa wannan fanni littattafai na musamman ne saboda sun san mutum yana iya haddace hukunci tsaf, ya kasa gane shi idan ya zo masa a bakin mutane biyu masu fushi. Saboda haka wanda ya raba littafi da aiki ba zaure ba ne. Ɗakin lacca ne, wanda ake cika shi da ɗaruruwan ɗalibai, malami yana karanta musu su rubuta, ba mai ƙara ba wanda ake ƙara.

Tarihin harabar Kongo ta Zariya ma bai goyi bayan Malam ba. Wurin ya fara ne a 1947 a matsayin makarantar horar da akawuna, ya zama Cibiyar Koyar da Sha'anin Mulki a 1954. Bayan kwamitin masana shari'a na 1958, wanda Alƙalin Alƙalan Sudan Sayyid Muhammad Abu Rannat ya shugabanta, Jihar Arewa ta kafa sabuwar dokar manyan laifuka da dokar yadda ake shari'arsu, suka fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960. A Kongo aka riƙa tara alƙalai da ma'aikatan kotunan gargajiya ana koya musu yadda za su yi aiki da sababbin dokokin, mutanen da suka baro ƙararraki a kan teburinsu kuma can za su koma. Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 aka kafa ta, tsangayarta ta shari'a kuma a wannan harabar ta zauna, kusa da Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci da ta biyo baya. Marigayi Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, ɗan birnin Zariya da ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 1995 zuwa 2006, ta Kongo ya bi kafin ya tafi Landan. Ashe koyar da shari'a a Zariya ta zamani da masu aiki ta fara. Wanda ya ce a mayar da ɗalibin Kongo kusa da kotu, gida ya ce a mayar da shi.

Sai batun cewa Bagauda ta isa. Makarantar Horar da Lauyoyi ta buɗe a Igbosere, Legas, a Janairun 1963 da ɗalibai takwas. Yau dubbai ne suke shiga kowace shekara, a Bwari da Legas da Inugu da Bagauda da Yola da Yenagoa da Fatakwal. Cikin abin da bai wuce shekara ɗaya ba ake son su sha darussa biyar masu nauyi, shari'ar laifuka da ta tsakanin mutane da harkar filaye da ta kamfanoni da ladubban aikin, kuma a ƙarshe jarrabawa ɗaya ce take yanke ko a rantsar da mutum ko ya dawo. Duk ɗalibin da ke cikin wannan matsi, jarrabawar yake kallo, kuma ba laifinsa ba ne. Akwai 'yan makonnin da ake tura su kotu da ofishin lauya, abin kirki ne, amma yawancinsa kallo ne da cika littafin rahoto. Wanda ya yi sa'ar maigida mai koyarwa ya ƙaru, wanda bai yi ba ya ɗauki jaka. Bayan haka fa? A Ingila, inda muka aro hula da rigar, wanda zai tsaya gaban kotu sai ya yi shekara guda cif a ƙarƙashin gogaggen lauya kafin a sake shi. Mu a nan babu dokar da ta wajabta wannan a yanzu. Wanda aka rantsar yau yana da ikon karɓar ƙarar kowa, kuma da ya gama bautar ƙasa yana iya kama shago a Sabon Gari ko Tudun Wada ya kafa allo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shekara biyar da aka yi a jami'a ba tare da ɗalibi ya taɓa zama gaban mai matsala ba, wani ne zai biya kuɗinta, kuma wanda zai biya shi ne mutum na farko da ya shigo shagon, wanda galibi ya zo ne saboda ba shi da kuɗin babban lauya.

A ɗauki misalin da ake gani kullum. Wata dattijuwa daga Ƙofar Kuyambana, mijinta ya rasu ya bar gida a cikin birni da gona a bayan ganuwa, ta zo da ɗan rakiya ta ce an cinye musu gado. Ɗalibin da ya ci darasin gado da maki mai kyau ya san mata tana da tumuni idan akwai 'ya'ya, uwa tana da sudusi, namiji yana da rabon mata biyu. Wannan sanin ba zai kai shi ko'ina ba a rabin sa'ar farko, domin matar ba za ta jero masa labarin yadda littafi ya jero ba. Ba za ta ambaci sunan mijin ba, wataƙila ba za ta faɗi na ɗan fari ba. Idan wan mijin ne ya riƙe gonar, ba za ta fito ta ce shi ne ba muddin ɗan rakiyar daga dangin mijin yake, don haka tambayar farko ita ce, Inna, wannan da kuka zo tare yaya kuke da shi? Daga nan sai a bi a hankali. Mahaifiyar marigayin tana raye? Akwai kishiya? Wadda aka ce an saka, saki nawa ne, kuma ta gama idda kafin rasuwar? Akwai bashi, akwai wasiyya, akwai ragowar sadaki? Gidan na marigayin ne shi kaɗai, ko kuwa tun rasuwar kakan yara ba a taɓa raba shi ba, wanda ke nufin gado biyu ne a kan juna? Gonar kuma, aro aka ba da ita, ko jingina, ko wanda yake nomawa yana cewa saya ya yi, kuma shekara nawa ke nan, tunda maganar hauzi, wato daɗewar riƙo, tana iya shigowa? Amsar wannan tambaya ta ƙarshe tana iya sauya komai. Idan kowa ya yarda gonar ta marigayi ce, rabon gado ne. Idan wani ya ce tasa ce, rikicin mallaka ne, kuma sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amuran iyali irin su aure da gado da wasiyya da waƙafi. Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Magaji da Matari, a shekarar 2000, cewa rikicin mallakar ƙasa zalla ba hurumin waccan kotu ba ne. Lauyan da bai iya zaƙulo wannan bambanci daga bakin dattijuwa ba zai kai ɗaukaka ƙara inda ba nan ba, a yi shekaru ana zarya, a ƙarshe a rushe komai a ce a koma farko. Ina so Malam ya nuna mini inda ilimi ya ƙare a wannan zama da inda aikin hannu ya fara. Kuma duk wannan da Hausa ake yin sa, alhali daga aji ɗaya na jami'a har ranar rantsarwa ba a taɓa auna ɗalibi a kan ko zai iya bayyana wa Bahaushiya ma'anar hurumin kotu da harshenta ba.

Wanda yake ganin ƙa'idojin tafiyar da shari'a ƙananan abubuwa ne da ake tsinta a hanya, ya tuna shari'ar Amina Lawal, nan kusa da mu. Kotun Shari'a ta Bakori ta yanke mata hukuncin rajamu a Maris ɗin 2002 ba ta da lauya, babbar kotun Funtuwa ta tabbatar a watan Agusta, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta rushe hukuncin ranar 25 ga Satumba, 2003. Cikin dalilan akwai na zurfin fiƙihu, kamar mas'alar kwantaccen ciki a mazhabar Malik. Akwai kuma na tsari: alƙalin farko ya zauna shi kaɗai alhali dokar jihar ta ce ya zauna da mutum biyu, kuma ba a karɓi janye iƙirarin da ta yi ba alhali tana da wannan haƙƙi. Lauyoyin da suka tsaya mata sun yi nasara ne domin sun san littafi kuma sun san yadda ake karanta kundin zaman kotu layi-layi ana neman inda aka taka ƙa'ida. Da ɗaya suka iya suka rasa ɗayan, da labarin ya bambanta.

Yanzu ga maganar Malam da ta fi nauyi, wadda bai kamata a yi mata amsar gaggawa ba: cewa ana koyon aiki a kan talaka. Haɗarin na gaske ne. Ɗalibi yana iya ba da shawarar da za ta sa mutum ya rasa lokacin ɗaukaka ƙara. Yana iya fitar da sirrin gidan mutane a hirar ɗakin kwana, kuma a gari irin Zariya inda kowa ya san kowa, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Yana iya shiga gidan yari ya rubuta sunan ɗaurarre, ya sa masa rai, sannan hutu ya zo ko yajin aiki, kamar na 2022 da ya kai wata takwas, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ɗakin agajin da ba shi da lauya mai lasisi da yake duba kowace takarda kafin ta fita, gara a rufe shi, kuma a nan ni da Malam bakinmu ɗaya. Inda muka rabu shi ne abin da ake kwatanta ɗalibin da shi. Malam yana magana kamar idan aka janye ɗalibi, gogaggen lauya ne zai maye gurbinsa. Ba haka ba ne. Kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a same su da laifi ba. Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976, lauyoyinta ba su kai ko kusa da yawan masu buƙata ba. Ga yaron da aka kama aka kai gidan yarin Zariya, iyayensa ba su ma san a wace kotu takardarsa take ba, zaɓin da ke gabansa shi ne ɗalibi da malami a bayansa, ko kuma babu kowa. Abin da irin wannan yaro ya fi buƙata da farko ma ba jawabi gaban alƙali ba ne, wanda doka ta hana ɗalibi yi tunda ba a rantsar da shi ba. Yana buƙatar wanda zai gano ranar da aka kama shi, ya bi rajistara ya nemo fayil, ya duba ko takardar tsarewar ta ƙare, ya je unguwa ya samo mai tsaya masa, ya tsara takardar neman beli lauya ya gyara ya sa hannu. Dokar agajin shari'a ta 2011 ta san da wannan, shi ya sa ta ambaci ɗakunan agajin shari'a cikin waɗanda hukumar za ta yi wa rajista ta yi aiki da su. A asibitin koyarwa na Shika ɗaliban likitanci suna zagayen gadaje a bayan manyan likitoci, kuma ba wanda ya ce a kore su don kare majinyata, domin kowa ya san likitan da bai taɓa majinyaci ba sai ranar da ya kama aiki shi ne haɗarin. Abin da ake nema shi ne sa ido mai tsanani.

Zancen cewa baƙon abu ne ba zai ɗauke mu lokaci ba. Haka ne, Jerome Frank a Amurka ya yi kira tun 1933 a koyar da lauya kamar yadda ake koyar da likita, jami'o'in Afirka ta Kudu irin su Kef Tawun da Natal suka buɗe ɗakunan agaji a farkon shekarun 1970, mu kuma sai a 2003 aka kafa ƙungiyar NULAI ta ɗakunan agajin shari'a na jami'o'i ƙarƙashin jagorancin Farfesa Ernest Ojukwu, aka fara gwaji a jami'o'i huɗu har da ta Maiduguri, kafin abin ya yaɗu zuwa Zariya da Kano da sauransu. Amma digirin shari'ar kansa, da laccar, da hular, duk daga waje suka zo, Malam bai ce a mayar da su ba. Abin da ke cikin kukansa mai amfani shi ne dogaro da tallafin waje. Aikin da yake rayuwa da kuɗin baƙo yana mutuwa ranar da baƙon ya sauya sha'awa, kuma wani lokaci mai ba da kuɗin ne yake zaɓar irin ƙararrakin da za a kula. Maganin wannan shi ne jami'a ta ɗauki ɗakin agaji a matsayin darasi mai maki, da kasafinsa, da malamansa, ta kuma lissafa wannan wahala cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma. Muddin malamin da ya kwana yana gyara takardun ɗalibai ashirin bai samu ladan da mai buga maƙala ɗaya yake samu ba, masu zuciya kaɗai za su yi aikin, su ma sai sun gaji.

Akwai kuma tsoron cewa lokacin da ɗalibi ya ɓata a kotu an zare shi ne daga karatu. Wannan ya ginu a kan zaton cewa awannin lacca duk karatu ne, alhali kowa ya san yadda ake haddace takardun malami a zube su ranar jarrabawa a manta. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce umarnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14, ta kuma wajabta wa majistare ya riƙa zagaya caji ofis duk wata. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2017. Ɗalibin da ya karanta waɗannan don jarrabawa ya san lambobi. Wanda ya karanta su bayan ya zauna da mutumin da ya yi wata tara a tsare ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a, zai koma laburare da tambayoyin da malaminsa ma sai ya yi tunani: me ya sa doka ta faɗi abu aiki ya ƙi bi, wa ke da alhakin, wace hanya doka ta bari a tilasta shi? Waɗannan su ne tambayoyin falsafar shari'a da Malam yake tsoron za a rasa, kuma ban san hanyar da ta fi wannan saurin kai ɗalibi gare su ba.

Abin da ya rage a yi gardama a kansa shi ne sharuɗɗa, kuma nan nake gayyatar Malam ya kawo kaifin alƙalaminsa. A ganina kada ɗalibi ya zauna da mai matsala na gaske sai ya kai aji huɗu, ya ci darasin shaida da na ladubban aiki, ya kuma yi atisaye a kotun gwaji. Kowane lauya mai kula ya riƙe ɗaliban da zai iya karanta takardunsu da gaske. A gaya wa duk wanda ya shigo, da Hausa kuma a fili, cewa ɗalibi ne yake gabansa, ga sunan lauyan da alhakin yake wuyansa. Kowane fayil ya kasance da rubutaccen bayanin miƙawa, ta yadda hutu ko yajin aiki ba zai bar mutum a rataye ba. A kuma sa hira da mai ƙara da harshen garin cikin abin da ake ba wa maki, ɗalibin da ba ya jin Hausa a koya masa aiki da tafinta, tunda a kotu ma da tafinta zai yi. Kotunan shari'ar Musulunci na cikin birni, inda yawancin mutanen Ƙofar Kuyambana suke kai ƙararsu ta aure da gado da bashi, su shiga jerin wuraren da ake tura ɗalibai daidai da babbar kotu, domin Kongo tana yaye masu digirin da ya haɗa shari'ar Musulunci da dokar ƙasa, kuma da yawansu a waɗannan kotuna za su yi aiki, wasu a matsayin lauyoyi, wasu a kujerar alƙali.